Ƙofar Ruwa a Gonar Manzo

Akwai wani saurayi mai suna Lurwanu, ɗan Karofane a ƙasar Buza, wanda aka kai babbar makaranta can Senegal a zamanin Faransawa. Shekarar ta ɓace mini, amma kafin babban yaƙin duniya na biyu ne, ko kuwa yana farawa.

A shekarar ƙarshe, kowane ɗalibi sai ya rubuta littafi guda kafin a ba shi takardar gamawa. Lurwanu ya zaɓi tsara fili da lambu. Ya zana hanyoyi miƙaƙƙu da itatuwa a jere, irin na littattafan Turawa.

Malaminsa ya duba, ya mayar masa. "Wannan ba ƙasarku ba ce. Je ka gida hutu, ka rubuto yadda mutanenku ke tsara tasu. In ka dawo babu shi, babu takarda."

Lurwanu ya iso gida zuciyarsa a ɓace. Me zai rubuta? Tsaunuka ne da duwatsu, sai mahaifinsa Manzo da ya tsufa yana jera duwatsun a gangaren gonarsa, layi-layi, kowanne a karkace.

"Baba, layinka ya kauce. Bari in ɗaura igiya in miƙe maka shi."

Manzo ya yi dariya, ya tsokane shi da laƙabin da Faransawa ke kiran namiji da shi. "Mushe, ba ni na ja shi ba. Ruwa ya ja shi."

"Ruwa kuma?"

"Jira ya zo, ka tambaye shi da bakinka."

Ruwa kuwa ya ƙi zuwa. Kwana goma sha biyu, ko sha huɗu, sama fes. Ga motar da za ta ɗauke shi daga Madawa saura kwana uku, ga littafi babu ko shafi ɗaya. Mahaifiyarsa Dela ta gan shi ba ya cin tuwo, ta ce wa mijinta, "Malam, ka hwaɗa mishi mana, yaron ga ya rame."

"In na hwaɗa, bakina zai rubuta. Ni so nike ya rubuta gona."

Lurwanu ya ji haushi, har ya ɗaure kayansa. Sai ya dubi hannuwan tsohon, duk sun faffashe da ɗaukar dutse, ya kwance kayan ya zauna.

Washegari da hantsi hadari ya haɗo. Manzo ya ja shi gona cikin ruwan, suka tsaya suna kallo. Ruwa ya gangaro da ƙarfi, ya iske jerin duwatsu, ya lafa, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Da aka ɗauke ruwan, Manzo ya kai shi gefen da bai taɓa jerawa ba. Can ga kashin awaki da karmami sun kwanta a layi, a karkace.

"Ka gani? Inda ya aje shararsa, nan yake son hutawa. Nan nike sa dutse."

Da suka koma wajen duwatsun, Lurwanu ya nuna wani giɓi a tsakiyar jerin. "Nan fa? Duwatsu ne suka ƙare?"

"Ƙofarsa ce. Ruwa baƙo ne, ɗana. Ka ba shi wurin zama, ka bar mishi hanyar fita. Shekarar da na toshe ta, da dawata ya tafi."

A yini biyu Lurwanu ya auna gangaren da taku, ya zana kowane layi da karkatarsa. Ya tarar da motar ana ɗaure kaya. A shafin farko ya rubuta cewa tsarin na Manzo ne, manomin Karofane, shi dai kwafa ya yi.

Aka karɓi littafin, aka ba shi takardarsa.

Da ya dawo, ya sami tsohon a gona, ya miƙa masa ita da hannu biyu. Manzo ya juya ta, ya juya ta.

"Ka sa ƙofar a ciki?"

"Na sa, Baba."

"To madalla. Kai wa uwarka ta aje, ka zo ka kama mini dutsen ga."

Darasi: Kada karatu ya sa ka raina abin da iyayenka suka sani da hannunsu. Ka yi haƙuri ka duba da kyau, wataƙila abin da ka tafi nema nesa yana bayan gidanku. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, musamman wanda aikinsa na ƙarshe ya tsaya masa.