Tambayar da Babu Amsarta a Bayan Littafi

Akwai wani injiniyan lantarki da Allah ya ba shi 'ya mai kaifin ƙwaƙwalwa. Kafin malami ya gama rubuta lissafi a allo, ta faɗi amsa. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Kwamfuta, sunan ya bi ta har gida.

Shi kuwa Injiniya, kai ya kumbura. Duk baƙon da ya shigo, kafin a kawo masa ruwa an kira yarinya ta ninka lambobi a gabansa.

Da ya ji akwai aji na musamman da ake horar da ɗalibai masu hazaƙa don gasar lissafi, sai ya rantse 'yarsa za ta shiga. Ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya sa tebur da kujera da fanka. Ya sayo littattafan tambayoyin gasa na shekarun baya, ya jibge su har suka tare tagar, wadda dama ƙarama ce.

Daga makaranta sai ɗakin nan. Ƙofa a rufe, ga kuma doka: cikin ƙannenta uku kada wanda ya leƙa. Tana jin su a tsakar gida suna guje-guje, Auta yana ihu an yi masa maguɗi a wasa, ita kuwa daga ita sai bango sai ƙarar fanka.

Ni abin da ya fi ba ni haushi, jama'a, agogon nan ne. Injiniya yakan zauna gefenta yana kallon agogo. Da ya ga ta tsaya tana cizon biro, sai ya buɗe bayan littafi inda amsoshi suke.

"Ga yadda ake yi. Haddace, mu wuce."

"Baba, na kusa ganewa fa."

"Ba mu da lokacin na kusa. Ɗauko ta gaba."

Mamanta ta yi magana har ta gaji. "Ka lura kuwa yarinyar nan ta daina dariya?" Ya ce ai dariya ba ta cin gasa.

Ranar jarrabawar shiga ajin, tambayoyi uku kacal aka ba su. Kwamfuta ta karanta, babu wadda ta yi kama da abin da ta haddace. Ba ta san lokacin da ta juya takardar ta duba bayanta ba. Wayam. Ta zauna kamar an ɗaure ta a kujera har aka ce a ajiye biro.

Malamar da ke horar da ajin ta lura da ita, ta kira ta tare da mahaifinta.

"Saura gurbi ɗaya," in ji Malama. "'Yarka tana da kai, amma ba a taɓa barinta ta ɓata ta nemo hanya da kanta ba. Ga tambaya ɗaya, ta kawo mini abin da ta yi kafin hutu ya ƙare. In na ga hannun wani a ciki, gurbin ya wuce ta."

Tambayar ita ce: a duk taron da mutane suka gaggaisa, dole a sami mutum biyu da yawan waɗanda suka gaisa da su ya zo ɗaya. Kawo dalili.

Injiniya ya karanta, ya yi tsaki. "Wannan lissafi ne ko kacici-kacici? Ina lambobin?"

Aka koma ɗaki. Yarinya ta zana, ta yaga, ta sake zanawa. Ta binciki littattafan nan kaf, babu. Wani lokacin sai ta kifa kai a tebur ta yi kuka ba sauti, don kada a ji. Uban ma ya gwada a ɓoye a wurin aiki, abu ya ƙi, ga hutu yana ta ƙarewa.

Sai ya shiga waya ya lalubo amsar. Ya ce a ransa, ina Malama za ta sani?

Da yamma ya dawo gida da saurinsa, sai ya tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, hayaniya na tashi. Ashe zane a takarda ya ishi Kwamfuta, ta karya doka ta jawo Mama da ƙannenta uku, tana sa su gaisawa da juna tana ƙirgawa. Ana cikin haka wani ya matse wa Auta hannu. Ya zumɓura baki ya koma lungu.

"Ni ba zan gaisa da kowa ba!"

Aka kwashe da dariya, ban da Kwamfuta, wadda ta tsaya cak tana kallonsa.

"Me ake yi a nan?" Injiniya ya daka tsawa. "Kowa ya fita! Ke kuma zo, ga amsar na samo."

Ya miƙa mata wayar. Yarinya ta sa tafin hannu ta rufe idonta.

"Baba, don Allah kar ka nuna mini. Duk abin da ke cikin ɗakin nan amsoshin wasu ne. Wannan kaɗai ce tawa."

Wallahi jikin mutumin nan ya yi sanyi. Ya dubi tulin littattafan, ya dubi 'yarsa da ta rame, kunya ta kama shi. Ya mayar da wayar aljihu.

Can sai ta buɗe ido ta yi tsalle. "Mama, duba! Mu biyar ne. Mutum zai iya gaisawa da huɗu, ko uku, ko biyu, ko ɗaya, ko babu. Amma tunda Auta ya ƙi kowa, babu mai samun huɗu. In kuma wani ya sami huɗu, babu mai tashi da babu. Ko ta yaya lambobi huɗu ne suka rage, kamar kujeru huɗu, mu kuma biyar. Dole biyu su haɗa kujera!"

Ta fashe da dariyar da gidan ya daɗe bai ji ba.

Da ta kai amsar, Malama ta juya mata tambayar ta kowace fuska, yarinya ta amsa ba gargada, domin da ƙafarta ta taka hanyar. Aka ba ta gurbin.

Injiniya da kansa ya sauke littattafan daga taga, ya daina shiga ɗakin da agogo. Auta kuwa har yau yana gaya wa baƙi cewa shi ya warware lissafin.

Darasi: Littafi da waya kayan taimako ne, amma yaron da kullum ake miƙa wa amsa ba zai iya tsayawa ba ranar da babu mai miƙa masa. Iyaye, in Allah ya ba ku yaro mai hazaƙa, ku yi haƙuri ku bar shi ya sha wuyar tunani, kada kuma ku kulle shi da sunan gata. Ku tura wa duk wani uba ko uwa mai gaggawa, wataƙila a buɗe wa wani yaro ƙofa.