Katin Mzwakhe da Kuɗin Adashinmu

Mzwakhe direban bas ɗin haya ne a unguwarmu ta Umlazi. Mutum ne mai son a san da shi, ga shi da saurin hannu. Idan ya shiga wuri so yake kowa ya juyo, wanda bai juyo ba kuwa ya jawo wa kansa. Matarsa MaZungu ita ce ma'ajin adashinmu, mace mai sanyin hali, ba a taɓa neman ko sisi a hannunta an rasa ba.

Wata shekara muka shirya shiga jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Durban zuwa Mozambik ya dawo, kowace da mijinta. Rabon adashi kuwa muka ce sai ranar sauka, don a wurinmu ba a rabo sai kowa na nan.

A jirgin ba a ciniki da tsabar kuɗi. Mutum yana zuba kuɗinsa a teburin biya, a ba shi kati. Da shi zai buɗe ɗakinsa, da shi zai sayi abin sha, ranar sauka a mayar masa da ragowa. MaZungu ta ji tsoron barin tarin shekara a gida, don Disamba watan ɓarayi ne. Ta ɗauro kuɗin a ƙugunta, ta zuba su duka a kan lambar ɗakinsu, ta ce nan dai ba mai taɓa su. Duk muka yaba mata. Ba mu lura cewa katinta da na mijinta a asusu ɗaya suke ɗiba ba.

Shi kuwa ya lura tun yammar farko. Ya miƙa kati aka ba shi kwalba, ya sake miƙawa aka sake ba shi, bai ga komai ya fita daga aljihunsa ba. Kafin gari ya waye sau biyu, duk mashayan jirgin sun san sunansa. Yana saya wa wanda ya sani da wanda bai sani ba, daga nan ya zarce ɗakin caca. Wani mai kawo abin sha ya tambaye shi ko zai duba lissafinsa, Mzwakhe ya shaƙe masa wuyan riga ya buga shi da bango, sai da abokan shansa suka ɓamɓare shi.

Cikin waɗanda yake jawowa teburinsa har da Baba Shezi, dattijo mai aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Shi da matarsa sun shekara suna jiran rabon nan don su kafa dutse a kabarin ɗansu, har sun sanar da dangi ranar bikin buɗe shi, kamar yadda ake yi a al'adarmu. Mzwakhe yakan tura masa kofi yana cewa ya sha ya warware, tsufa ba ciwo ba ne, yau mai bas ke biya.

Wata rana da tsakar rana na wuce ta ƙofar ɗakin su MaZungu na ji faɗuwar abu. Da MaZungu ta fito cin abinci, tana riƙe da cokali da hagu, wuyan hannunta na dama ya kumbura. Ta ce ƙofa ce ta datse ta. Daga baya muka san katin ta roƙe shi ya ba ta, ya murɗe mata hannu, ya ce in ta faɗa wa kowa, teku na da faɗi.

Safiyar sauka muka yi layi a bayanta a teburin biya, kowace ta buɗe jaka. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce babu ragowa, sai ma bashi, kuma ba za su sauka ba sai sun biya. MaZungu ta durƙusa a wurin. Mzwakhe ya ratso layin ya ɗauke ta da mari a gabanmu.

"Wawiya kawai, wa ya ce ki zuba a ɗakina?"

Matan adashi suka rufe shi da takalma da jakunkuna. Ya naushi ɗaya ta faɗi, haƙorinta ya fita. Sai ga Baba Shezi ya matso a hankali, ya tambaye shi da murya ƙasa-ƙasa:

"Yaro, abin da ka riƙa ba ni ina sha, dutsen ɗana ne?"

"Ai ka sha ka ji daɗi, tsoho. Amayo shi ka kafa."

Akwai kwalbar da Mzwakhe ya saya zai tafi da ita gida, tana kan akwatinsa. Da ita Baba Shezi ya buge shi a fuska. Ta fashe, jini ya wanke farar rigarsa, ya yi baya ya gangara matattakala har ƙasa. Masu tsaron jirgin suka danne dattijon, bai ko yi gardama ba. Ni dai sunan Allah kawai nake kira, ina danne wa MaZungu kai a ƙirjina kada ta gani.

Mzwakhe ya rayu, amma idonsa na dama ya tafi, ba zai ƙara tuƙi ba. Baba Shezi ya yi Kirsimeti a tsare. MaZungu, wadda aka bari ta sauka bisa alkawarin biya, ta sa aka sayar da bas ɗin mijin, ta biya jirgi, ta bi mu gida-gida da kason kowa, sannan ta kwashe kayanta ta koma wurin iyayenta. An kafa dutsen, amma ranar buɗe shi uban yaron ba ya nan. Mzwakhe kuwa yana tasha har yau, yana kira wa bas ɗin wasu fasinja. Yanzu kowa na juyowa ya dube shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kuɗin da ba ka ga fitarsu ba, sun fita, kuma akwai mai su. Kada son a yabe ka ya sa ka yi kyauta da gumin wani. Wanda aka ba amana ya duba wa ke iya kai hannu inda ya ajiye ta, ko da miji ne ko ɗa. Wanda aka zalunta kuma ya riƙe hannunsa, don fushin Baba Shezi ya hana shi tsayawa a kan kabarin ɗansa. Allah ya tsare mu da taɓa haƙƙin mutane.