Masassarar Gidan Alhaji Labbo

Akwai wani dillalin shanu a Talata Mafara, Alhaji Labbo, mutumin da in ya yi gyaran murya a kara, wato kasuwar shanu, sai mahauta su yi tsit. Allah ya ba shi dukiya da 'ya'ya maza biyu, Fa'iz da Shafi'u, sannan ya jarrabe shi da son a ce gidansa ba shi da tabo.

Fa'iz ya rasu yana da shekara ashirin da shida. Duk mai shiga kara ya san ƙwaya ce. Samarin da ke loda shanu a tirela suna watsa tiramol a baki kamar gyaɗa don kada su ji gajiya, shi kuwa Fa'iz har da kodin yake korawa.

Amma a zaman makoki, duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya Alhaji yake ba shi: "Masassara ta. Kwana ya ƙare."

Tun daga ranar, duk saurayin da ƙwaya ta kashe a unguwar mahauta sai iyayensa su ce masassara ce. Ni dai ban taɓa ganin masassara mai tsince majiya ƙarfi ta bar tsofaffi irin wannan ba.

Alhaji yana da 'yar ƙanwa, Mardiya, ma'aikaciyar lafiya. Ita ta ji labarin wata gidauniya da ke ba al'umma tallafi don yaƙi da shaye-shaye. Za a koya wa mutanen gari yadda ake gane wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa, a kuma ajiye musu allurar da ke dawo da numfashi kafin a kai asibiti.

Sharaɗin ɗaya ne. A takardar neman tallafin akwai gurbin da za a rubuta yawan waɗanda ƙwaya ta kashe, kuma sai gida biyar sun sa hannu sun shaida. Ba za a bayyana sunan kowa ba.

Mardiya ta yi sati biyu tana bin gidaje. Ko'ina ta shiga, sai uwa ta share hawaye, uba ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji Labbo ya sa nashi?"

Da ta ga haka, ta same shi a zaure da hantsi. Ta durƙusa suka gaisa, ya tambayi uwarta da maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa takardar ta yi bayani.

"Mi kinka ce?" in ji Alhaji. "Ni Labbo in sa hannu ga takarda in ce ɗana ɗan ƙwaya na? Ɗan da nik kai Makka?"

"Kawu, Fa'iz ya riga ya tai, Allah shi jiƙan shi. Don waɗanda sunka rage nika roƙo. Ko Shafi'u ma..."

"Kul! Kada in sake jin sunan Shafi'u ga bakinki. Gidan ga masu rufin asiri muke. Tashi ki ba ni wuri."

Abin haushin, Alhaji ya fi ta sanin halin da Shafi'u ke ciki. Shi da hannunsa ya taɓa tsintar fankon ƙwaya a aljihun rigar yaron, ya jefa a masai, bai ce wa kowa uffan ba. Bai kuma tsaya a korar Mardiya ba. Da yamma ya faɗa a majalisa cewa duk wanda ya sa hannu a takardar nan kada ya sake hawa tabarmarsa.

Haka takardar ta tafi babu hannun kowa, gurbin mamata kuma babu komai a ciki. Kwafinta kawai ya rage a hannun Mardiya.

Bayan wata uku amsa ta zo cikin ladabi. Tunda ba a nuna an yi asarar rai a wurinsu ba, an ba wa wata ƙungiya a Bakura tallafin. A can, wata bazawara mai sayar da tuwo, Lantana, ita ta fara dangwala yatsa ta ce a rubuta ƙwaya ce ta kashe mata ɗa, sauran gidaje suka bi bayanta.

Da labarin ya iso majalisa, Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu. "Mutanen Bakura sun tona ma kansu asiri don allura. Allah shi kyauta!"

Damina ta wuce. Wata ranar Talata, kasuwa ta cika maƙil, an gama sallar azahar ke nan aka zo aka raɗa wa Alhaji cewa ga Shafi'u can kwance ƙarƙashin tirela, an tashe shi ya ƙi tashi.

Ya je ya tarar da shi yana wani irin minshari mai nauyi, leɓensa ya yi duhu. Ya sunkuya zai ɗauke shi. Amma da ya ɗaga kai, sai ya ga idanu. Ga fataken Maradun, ga masu saye daga Kudu, ga abokan majalisa, kowa ya zuba masa na mujiya.

"Gajiya ta," in ji shi da ƙarfi. "Tun asuba yaka lodi. Ku kai shi shago shi huta."

Aka kwantar da shi a shagon Alhaji, aka yayyafa masa ruwa. Alhaji ya ja ƙofa ya sa kwaɗo don kada wani ya leƙa, ya jefa makullin a aljihu. Yana tafiya yana jin minsharin ta bayan ƙofa, har hankalinsa ya kwanta, ya ce a ransa barci ne, zai sake shi.

Bayan la'asar ya dawo ya buɗe. Shagon shiru.

Ranar sadakar uku, Alhaji ya sa aka kira masa Mardiya daga cikin gida. Ya rame, muryarsa ta dushe.

"Ɗiyata, gaya man gaskiya. Lahiya lau nib bar shi yana minshari. Mi yaf faru?"

Mardiya ta yi ta kuka kafin ta iya magana.

"Kawu, wanga minshari ba barci na ba, numfashi na ka yankewa. Shi anka fara koya ma mahautan Bakura. In sun ji shi, allura suka yi su ruga asibiti. Mutum huɗu sunka tayar bana."

Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya ji makullin shagon yana nan. Ya daɗe bai fito da hannun ba.

Ana haka wani tsohon abokin cinikinsa ya yi sallama a bakin zaure, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Alhaji, mi yas same shi haka farat ɗaya?"

Bakin Alhaji ya buɗe da kansa. "Masa..." Sai ya tsaya. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ƙwaya ta. Shi da wanshi duka."

Ya juya wajen Mardiya. "Takardar nan tana nan?"

"An rufe karɓa, Kawu. Sai baɗi, in sun sake buɗewa."

"Ki aje ta. In sunka buɗe, ki fara da ni. Ki rubuta biyu, gidan Labbo."

Darasi: Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ɓoye cutar da ke cin 'ya'yanmu girman kai ne, kuma mu zai fara ci. Mai son taimakonka ba zai kawo magani ga ciwon da ka rantse babu shi ba. In an zo neman shaidarka don a ceci matasan unguwa, ka bayar tun naka suna numfashi. Ku tura wa iyaye da masu faɗa a ji, wataƙila akwai wanda makulli ke aljihunsa yanzu haka.