Fumo da Bangon Bi Mwanaisha

A tsibirin Lamu an yi wani mai ɗaukar hoto, sunansa Fumo. Ya iya aikinsa, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ko shayi a tsaye yake sha.

Da bikin gari ya matso, aka ce kowa ya kawo hoton gini ɗaya da waƙa mai layi uku, wanda ya fi kyau a rataye shi a zauren taro. Fumo ya bugi ƙirji gaban abokansa: "In ba nawa aka rataya ba, ku ɗora ni a jaki ina kallon jela!"

Ya tafi da yayarsa Zuhura gidan Bi Mwanaisha, tsohon gidan dutse wanda bangonsa duk alkuki ne, 'yan ramukan ado, jere bisa jere. Tsohuwar ta shimfiɗa tabarma, ta kawo gahawa.

"Ku zauna, jikokina. Bangon nan ba ya farkawa sai bayan la'asar."

"Kaka, bango ne fa, ba jariri ba," in ji Fumo. Ya haska fitilar kyamara, ƙyas-ƙyas, ya nufi ƙofa.

"Gahawarka fa, sarkin sauri?" Zuhura ta ce.

"Sha mini, Yaya! Gidaje goma na jirana."

Ranar biki Fumo ya shiga zaure yana taƙama, sai ya yi turus. Hotonsa na kan tebur, bangon fari fat kamar zanen gado, don fitila ta cinye inuwa. Wanda aka rataya na Zuhura ne, da 'yar wayarta ta ɗauka a gidan tsohuwar bayan la'asar. A hoton, rana ta gangaro ta tsakar gida, kowane alkuki rabi haske rabi inuwa. A ƙasa ta rubuta:

Rana ta sunkuyo,
Tana leƙa alkuki ɗaya-ɗaya,
Kamar uwa mai duba 'ya'ya a barci.

Fumo ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, abokai har sun kawo jaki.

"Bismilla, ango! Jela na jiranka."

Ya hau, gari na dariya, shi ma yana yi. Washegari ya koma gidan tsohuwar tun azahar, ya zauna.

"Ina gidaje goman?" ta tambaya.

"Su jira, Kaka. Ƙaro gahawa."

Darasin shi ne, gaggawa na kai mutum wuri da wuri, amma ba ta nuna masa abin da ke wurin. In wanda ya tsufa a gida ya ce ka jira, to zauna, ya riga ka sanin lokacin hasken.