Kofuna Bakwai na Kanar Benson

Akwai wani tsohon soja a Sabon Tasha, Kanar Benson, wanda a zamanin mulkin soja ko tari ya yi sai mutane sun miƙe tsaye. Kofuna bakwai na golf, wasan nan na manya da ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ne jere a falonsa, kuma baƙo ba ya shan ruwa sai ya ji tarihin kowanne.

Da mulki ya koma hannun farar hula aka yi masa ritaya. Bayan wata biyu ya shiga gasa, ya zo na ƙarshe. Na ƙarshe fa, jama'a! Har wani likita da bai shekara da fara wasan ba ya wuce shi.

Ya kira Nicholas, dattijon da ya shekara tara yana ɗaukar masa jakar sanduna, ya daka masa tsawa:

"Wa ya taɓa mini sanduna?"

"Oga, sandunanka lafiya lau. Shekara tara, in ka buga ƙwallo ta faɗa daji, ni nake yin gaba in turo ta fili da ƙafa. Abokan wasanka suna gani, sai su kalli sama. Yau kuwa sun ce in na taɓa ta, a bakin aikina."

Nan Kanar ya gane. Ashe duk tafin nan na tsoron kaki ne!

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Naomi, yana jiran ta firgita. Ko ɗaga kai daga tsintar wake ba ta yi ba.

"Baban Ruth, ai har matan zumuntar coci sun sani."

Wannan ta fi ta Nicholas zafi. Kwana uku bai leƙa ƙofar gida ba don kunya. A na huɗu ya kwashe kofunan ya zuba a buhu, ya aika aka kira Nicholas.

"Ka koya mini daga farko. Ina so kafin in mutu in buga ƙwallo ɗaya da zan ce tawa ce."

Nicholas ya kai shi wani fili bayan gida, ya miƙa masa langalanga.

"Yanka ciyawa, Oga. Da ƙugu, ba da kafaɗa ba. Kai dukan ƙwallo kake yi kamar ta yi maka laifi."

Wata uku Kanar guda yana yankan ciyawa, masu acaɓa suna tsayawa kallo. Sannan aka ba shi sanda, lilo ɗari biyu kowace safiya, babu ƙwallo. Hannunsa ya yi kanta. Sau biyu yana jifa da sandar ya ce ya bari, gari na wayewa sai ga shi a filin.

Sai da aka shekara uku ya sake shiga gasa. A ramin farko ya buga, rana ta kashe masa ido, bai ga inda ƙwallon ta bi ba. Suka taka suka taka, sai ga ta a tsakiyar fili, a nisan da bai taɓa kaiwa ba.

Kanar ya juya. Ya cafki rigar Nicholas.

"Ka sake, ko? Ka sake yi mini!"

"Haba Oga! Ina bayanka da jaka tun da ka buga. Da wace ƙafar?"

Likitan nan, wanda suke wasa tare, ya ce, "Kanar, a kan idona ta sauka. Bugunka ne."

Kanar ya saki rigar, ya durƙusa gaban ƙwallon. Mutumin da ko a jana'izar mahaifinsa ba a ga hawayensa ba, ranar ya yi kuka kamar yaro.

Na goma sha tara ya zo. Takardar sakamakon ce yanzu a falonsa, a inda kofunan suke da.

Darasi: Yabon da tsoronka ya jawo maka ba naka ba ne. Ka karɓi gaskiya ko daga bakin na ƙasa da kai, ka jure wa koyo ko zai ci shekaru. Ku tura wa duk wanda yake shirin ajiye abin da ya fara.