Ƙayar Bushiya Mai Raino

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Bushiya ce ke rainon 'ya'yan maƙwabta in iyaye sun tafi kiwo. Kaza ta kawo 'yan tsakinta bakwai, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Jim kaɗan sai ta dawo: "Sun sha ruwa? Auta ya ci tsaba?" Su kuwa da sun ji muryarta sai su fito fili da gudu.

Bushiya ta ce, "Uwar 'yan tsaki, daga yau kada in ga ƙafarki sai la'asar. Kiranki ke fito da su, Shirwa kuwa tana sama."

Kaza ta ce, "Ashe har bakinki ƙaya ne!"

Washegari ta kasa haƙuri, ta laɓe bayan rumbu ta yi kira sau ɗaya. Auta ya fito. Shirwa ta kawo sura, Bushiya ta faɗa kansa ta dunƙule. Shirwa ta tashi ƙafa jina-jina.

Kaza ta durƙusa a gaban Bushiya. "Yaya Bushiya, na gode. Ƙayar da ta soke ni jiya ita ta tsare min ɗa yau."

Bushiya ta ce, "Tashi, ba komai. Sai la'asar."

Ƙurunƙus kan Shirwa, mai ɗingishi har gobe!