Sifikun Mikail da Ɗakin 'Yardada

Akwai wani maɗinkin hula a Shahuci ana ce masa Tanko. Katangar ƙasa ɗaya ce ta raba gidansu da na maƙwabcinsa Mikail. A jikinta ɗakin mahaifiyar Tanko yake, tsohuwa 'Yardada, ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Mikail sifiku yake haɗawa, wato akwatunan sauti, ba irin na 'yan biki ba, na falon masu hali. Ya iya aikinsa, wannan babu musu. Katako mai kauri yake sawa, ya cusa auduga a ciki, ya fasa rami a bayan akwatin. In aka matsa akwatin kusa da bango, sai bangon ya ɗauki gurnanin nan da suke kira bes ya ninka shi.

To, a jikin katangar 'Yardada yake gwaji.

A wajen Mikail kiɗa ne. A ɗakin tsohuwa kuwa kwanuka ne ke rawa, ƙasa na zubowa daga azara, zuciyarta na bugawa. Ga hawan jini.

Tanko ya same shi a zaure.

"Malam Mikail, don Allah ka mayar da akwatin nan wancan bangon. Inna ba ta samun hutu."

"Wancan bangon ai akwai taga, sauti zai zube. Kuma ni ban ƙure murya ba, zo ka ji."

"Ba kunne ba ne, ƙirjinta yake duka."

Mikail ya yi dariya. "To ai ka yabe ni ke nan. Sifika mai kyau a ƙirji ake jin ta."

Tanko ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ya haɗiye. Ya sake dawowa, ya turo liman, ya turo mai unguwa. Sai a yi shiru kwana biyu, in an sami sabon mai saye a koma.

Da jikin tsohuwa ya tsananta, Tanko ya ɗauke ta a adaidaita sahu zuwa gidan ƙanwarsa Shamsiyya a Ƙofar Dawanau. Tana fita tana waiwayen ƙofarta. Can ta rasu.

Ranar zaman makoki Mikail ya zo da babbar riga. Babu wanda ya matsa masa a tabarma. Ya tsuguna a ƙasa.

"Allah ya jiƙan Inna. Wallahi ina da niyyar zuwa in nemi ta yafe mini."

Tanko bai ɗago kai ba, ya ce:

"Ana gobe za ta rasu ta roƙe ni in mayar da ita ɗakinta, a can take so ta cika. Na zo na dafa katangar, na ji tana rawa. Na koma na ce mata ta yi haƙuri."



"Tashi ka je," in ji Tanko. "Ɗakin babu kowa yanzu. Ka ƙure yadda kake so."

Darasi: Gwanintar da ke hana maƙwabci sakat ba gwaninta ba ce, zalunci ne. Kuma yafiya wajen mai rai ake nemanta. Ku tura wa duk wanda kuka san katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani.